Kujera ta Tara

A Galway ruwan sama ba ya sallama.
Ya jiƙa mini takardar kira tun a ƙofar kotu.
Na bar wa ƙanwata tanderun burodi,
na zauna kujera ta tara cikin mu goma sha biyu,
mu da ba mu karanci doka ba,
aka ce a bakinmu maganar za ta ƙare.

Malachy Folan, mai kwale-kwale,
tafinsa kamar ɓawon itace.
Ba mai laifi ba, in ji alƙaliya,
wanda ake tuhuma.
Sau biyu ta faɗa, tana dubanmu ta saman tabarau.
Tsakanin sunayen nan akwai kogi,
kuma ba shi zai gina gadar ba:
mai gabatar da ƙara ne zai ɗauko duwatsu.
In ya ga dama ya yi shiru,
kada mu zuba shirunsa a mudun hujja.

Abin da ya faru ba mai musu.
Daren Talata, a bakin tashar jirage,
gardama kan raga da bashin man inji,
turi ɗaya,
Dara Conneely ya faɗa ruwa,
teku ba ta maido shi ba sai da asuba.

Wannan shi ne aikin, ta ce, rabin laifi ke nan.
Ɗaya rabin yana inda ido ba ya kaiwa:
niyya.
Hannu ya tura, amma wane saƙo zuciya ta ba shi?
In mutuwa ya nufa, ko mummunan rauni, kisan kai ne.
In bai nufa ba, turin dai ya saɓa doka,
suna daban, nauyi daban.
In kuwa wuƙar fiɗar kifi ya ga ta taso masa,
ya kare kansa daidai gwargwado,
doka ba ta ce ka miƙa wuya ba.

Na tuna da kwaɓi.
Gari kaɗai ba burodi ba ne, yisti kaɗai ma haka.

Tsohuwa Nuala ta rantse ta gani daga taga.
Lauya ya tambaye ta a hankali
ina tabaranta suke a daren.
A kan tebur, ta ce.
Wani ya fara da "na ji an ce",
aka tare shi.
An ce, an ce, a ƙofa take tuɓe takalmi,
ba ta shiga nan.
Wuƙar tana cikin leda da lamba a jiki,
irin wadda ke ƙugun kowane masunci a garin.

Kwana biyu a ɗaki mai taga ɗaya,
shayi yana hucewa.
Direban bas na kujera ta uku ya ce,
ni dai ina jin ya yi.
Nima ina jin haka.
Amma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya,
kuma ba zato aka aiko mu mu auna ba.
Shakkar da ake nufi
ba ta ko na kulle ƙofa ba ce;
irin wadda ke riƙe maka alƙalami ce
ranar sayar da gidan mahaifinka.
Tawa ta riƙe.

Ba a same shi da laifi ba.
Kalmomi bakwai, babu "bai yi ba" a cikinsu.
Malachy bai yi murmushi ba,
ya dubi hannunsa kamar na aro.

Ranar Asabar mahaifiyar Dara ta shigo shago,
laimarta tana ɗiga a kan dabe.
Burodi ɗaya, mai baƙin gari.
Ta ƙirga canji, ba ta ce komai ba.
Sau biyu na ɗora shi a sikeli.